Mai Lasifika Da Muryar Matarsa

A layinmu akwai wani mutum da kowa ke kira Mai Lasifika. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. In ana biki, ko taron makaranta, ko wani zama da ke buƙatar a ji mai magana daga nesa, shi ake kira ya kafa lasifika, ya ja igiyoyin wuta, ya daidaita murya. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, hannunsa kuma a sake yake. Aibinsa guda ne: ya yarda da kunnensa fiye da kima. A kan maganar sauti ba ya karɓar gyara, ba ya karɓar shawara. In ka matsa masa, sai ya dube ka da tausayi, ya girgiza kai, ya ci gaba da abin da yake yi. Har cewa yake yi daga muryar mutum yake gane halinsa, ko da a waya ne.

A faɗi gaskiya, kunnen nasa ba na wasa ba ne. Ya sha wucewa ta bakin taron da ba nasa ba, ya tsayar da babur, ya ce wa mai kayan, "Lasifikarka ta hagu ta tsage daga ciki." A kwance a duba, a tarar haka ne. Mu ma da muke tsokanarsa mun san ya iya. Illar ita ce, yawan ce masa "ka yi daidai" ya sa ya manta cewa shi ma yana iya kuskure.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, lasifikoki a jibge har rufi, igiyoyi a naɗe a rataye a ƙusa, kullum yana ƙaurin dalma. Bango ɗaya ya raba shi da shagon wani tela, abokinsa na shekara da shekaru. Kullum cikin faɗan wasa suke. Tela ya ce ƙarar gwajin lasifika ta hana shi zare allura, Mai Lasifika ya ce keken ɗinkin Tela ne ke buƙatar mai, shi ya sa yake kuka kamar an shaƙe shi.

Matarsa ta rasu tun 'yarsu tana rarrafe. Dangi sun yi surutu har sun gaji, bai ƙara aure ba. Yayarsa ce ta dawo gidan ta riƙe yarinyar, kowa kuma Gwaggo yake ce mata. Yarinyar, wadda ake kira 'Yar Baba, ta tashi ba ta san fuskar uwarta ba sai a wani hoto da ya koɗe. Amma ta san muryarta, domin akwai wani kaset.

Ranar da Mai Lasifika ya sayi makirufonsa na farko, ya kawo shi gida yana gwadawa. Matar tana wanke-wanke, jaririya tana kuka a tabarma. A cikin kaset ɗin ana jin ƙarar cokula, ana jin ta tana cewa, "Don Allah Malam, cire mini abin nan daga baki, ka zo ka riƙe 'yarka." Sai ta fashe da dariya. Sai a ji ta ɗauki yarinyar tana jijjigawa. "Wa ya taɓa mini ke? Babanki ne ko? Yi shiru, bari in rama miki." Iyakar maganarta a ciki ke nan, ba wata magana mai nauyi. Amma duk duniya nan ne kaɗai muryar matar nan ta rage. Kaset ɗin yana naɗe cikin ɗankwalinta, a gwangwanin biskit, a saman sif. Ranar da 'Yar Baba ta ci jarrabawa an kunna shi, ranar da ta kwanta zazzaɓi an kunna shi, ranar da ba komai ma sai kewa an kunna shi.

Tun tana makarantar sakandare take roƙon uban.

"Baba, bari in ajiye wayata kusa da lasifika in ɗauka mana. Ko ba komai a samu na biyu."

"Waya? Muryar uwarki za ki cusa a waya? Waya matse murya take yi, ta zubar da rabi. Ki bari, ni da kaina zan juye shi a kwamfuta yadda ya kamata, ko numfashinta ba zai ɓace ba."

"Yaushe, Baba?"

"In na samu rikodar da ta dace."

Rikodar da ta dace ba ta samu ba. Wannan ta cika kaushi, waccan tana gudu, waccan kanta mai karanta kaset ya cinye. Shekaru suka yi ta tafiya. Ana nan sai tasa rikodar ta gida ta tsufa, ta fara jan zaren kaset, ya kashe ta ya ce kada wanda ya ƙara sa kaset ɗin a cikinta. A nan kam ya yi gaskiya. Sai dai tun daga ranar gidan ya daina jin muryar.

'Yar Baba ta gama karatun jinya, ta samu aiki a wani asibiti a gari mai nisa. Kowa ya yi murna, Gwaggo ta yi kukan daɗi ta yi na rabuwa. Da tafiya ta matso, yarinyar ta sami uban a shago, ta zauna a kan wata tsohuwar lasifika.

"Baba, ban roƙe ka akwati ba, ban roƙe ka komai ba. Abu ɗaya nake so in tafi da shi. Muryar Umma."

Tela yana jin su ta bango, sai ya leƙo da tef ɗin awo a wuya.

"To me ye abin wahala a nan? Ga ɗan rediyona mai kaset, garau yake, bai taɓa cin zare ba. A sa a ciki, yarinya ta kara wayarta, kafin in gama kalmasa wandon nan an gama."

"Wannan gwangwanin?" in ji Mai Lasifika. "Ka bar wa masu kunne maganar kunne. Ni na taɓa zuwa na ce maka ga yadda ake yanka hannun riga?"

"Gwangwanin dai yana magana. Taka mai tsadar fa?"

"Baba, ni ko yaya ta fito ina so," 'Yar Baba ta ce a hankali.

"Ba za ki tafi da ko-yaya ba. Na yi miki alkawari, kafin ki tafi za ki riƙe ta tas, kamar tana tsaye a gabanki."

Alkawarin nan ne ya hana shi sukuni. Ya zaga wurin masu gyara, ya tambayi abokan sana'a, ba a dace ba. Sai ya koma wani shafin saye da sayarwa a intanet, yana ta latsa waya da yatsa ɗaya, tabarau a kan hanci. Can sai ya yi ido biyu da ita: irin rikodar da yake mafarki tun yana yaron shago, fes, tana ƙyalli, kuma a farashin da ko rabin darajarta bai kai ba. Nan take ya kira lambar.

Wani saurayi ne ya ɗauka, murya a natse, gaisuwa cikin ladabi.

"Ta mahaifina ce, Yallaɓai, Allah ya jiƙansa. Ko ƙura bai bari ta hau ta ba. Tashi za mu yi daga gidan, shi ya sa."

Mai Lasifika ya shiga yi masa tambayoyin gwani. Kanta na asali ne ko an canza? In an tsayar da ita, cak take tsayawa ko tana ɗan ja? Allurorin gabanta masu auna sauti duka suna motsi? Saurayin ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ba gargada.

"Wallahi Yallaɓai, tun da na sa tallan nan ba wanda ya yi mini irin tambayoyin nan. Kowa sai ya ce, 'Tana da ƙara?' Kai kam ka san abin. Ko don darajar mahaifina na fi so ta faɗa hannunka."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya ajiye waya yana murmushi, ya je gida ya nuna wa 'yarsa.

"Yaron nan ɗan mutunci ne. Na ji a muryarsa."

'Yar Baba ta karɓi wayar ta duba da kyau, fuskarta ta canza.

"Baba, shafin nasa sabo ne fil. Bai taɓa sayar da ko allura ba, ba wanda ya taɓa yabonsa ko kushe shi. Kuma arahar nan ta yi yawa. Ka ce ya ɗauko maka bidiyo tana juyawa, da hannunsa a kai."

Ya tura saƙo don ya rufe mata baki. Amsa ta dawo cewa kyamarar wayarsa ta fashe.

"Ka gani ko? Baba, in ma za ka je, ku haɗu a cikin mutane, gidan mai ko gaban ofishin 'yan sanda. Ka tafi da Baba Tela. Kada ka je gidan kowa."

"Na ji, malamar asibiti. Tun ba a haife ki ba nake sayen kayan hannu."

"A wurin waɗanda ka sani, Baba."

Ya ce ya ji. Amma jin nasa na fatar baki ne.

Washegari da hantsi, 'Yar Baba ta fita karɓo takardunta, sai ga kiran saurayin. Wai wani ya matsa, zai zo da yamma ya ɗauka, amma shi ya fi son Yallaɓai ya riga shi. Mai Lasifika ya tuna maganar 'yarsa, ya ce to su haɗu a gidan man da ke bakin babban titi.

"Ni ba ni da matsala, Yallaɓai. Amma a ina za mu jona ta? Kuma ko mun samu soket, cikin hon ɗin motoci me za ka ji? Da wani ne sai in ce ya zo ya ɗauka kawai. Mai kunne irin naka kuwa ai sai ɗaki shiru. Ka zo gida, ka zauna, ka saurara a tsanake. Ka taho da kaset ɗin da kunnenka ya fi sani."

Duk wanda ya san masu wannan sana'a ya san a nan aka kama shi. Ba sa sayen na'ura sai sun ji ta, kuma ba sa gwada ta da abin da ba su sani ba. Kowannensu yana da abin gwajinsa guda, wanda ya haddace har in na'ura ta rage ko ta ƙara zai gane. Saurayin bai san akwai wani kaset a saman sif ba. Ya dai san halin mutanen da yake farauta.

Gwaggo tana shara a tsakar gida ta ga ƙanen nata ya taka kujera yana sauko da gwangwanin biskit.

"Ina za ka da shi?"

"Gwaji zan yi, Yaya. Yanzu zan dawo."

"Shagonka cike yake da kaset-kaset. Ɗauki wani mana."

"Waɗancan kiɗa ne. Kiɗa yana rufa wa na'ura asiri, murya ce ba ta rufawa. Kuma ba muryar da na sani kamar wannan."

"To jira yarinyar ta dawo. Ai ba naka ba ne kai kaɗai."

"So nake ta dawo ta tarar an gama."

Gwaggo ta jingine tsintsiya. "Tun kana ƙarami haka kake, in ka sa kai ba mai tare ka. Aƙalla gaya mini unguwar."

"Nan ne, ba nisa."

Ya sa kaset ɗin a jakarsa tare da kuɗin rikodar, ya bar ɗankwalin a kan gado. Da ya biya ta shago, Tela yana gwada wa wani riga, ya ɗaga murya ya ce, "Jira ni in gama wuyan nan in raka ka." Mai Lasifika ya ɗaga masa hannu kawai ya ba babur wuta. A ransa yana cewa, me tela zai tsinta a wurin gwajin rikoda?

Saurayin bai ba shi adireshi ba, sai kwatance a waya, guntu-guntu. Ka zo mahaɗa ka kira ni. Ka bi dama ka kira ni. Ka wuce tankin ruwa ka kira ni. Kwalta ta ƙare, shaguna suka ƙare, aka shiga unguwar sababbin gine-gine, gidaje tsaye ba rufi, tulin yashi a ƙofa. Rana tsaka ce, amma ba yaro ko ɗaya a waje, ba mai talla. Zuciyarsa ta ɗan yi masa nauyi. Sai wayar ta sake ƙara, muryar nan mai ladabi ta ce, "Na hango ka, Yallaɓai, sannu da hanya." Nauyin ya sauka.

Saurayin yana tsaye a bakin wani get, riga a goge. Ya rusuna ya gaishe shi, ya kama masa babur.

"Bari a shigo da shi ciki, Yallaɓai. Unguwar nan akwai ɓarayi."

Suka shiga wani ɗaki. Tebur ne a tsakiya, an lulluɓe wani abu a kai da tawul. Ɗakin shiru ne kamar yadda aka yi masa alkawari, sai dai shirun ya yi yawa. Ba ƙugin firji, ba motsin fanka, ba ɗan zuzun nan da kunnensa ya saba ji a duk gidan da ke da wuta. Ya dubi bango yana neman soket, ya ga ramuka ne kawai, ko waya ba a zura ba. Ya ɗaga tawul ɗin. Bulo ne guda biyu.

Ƙofa ta rufe a bayansa. Wasu mutum biyu sun shigo, ɗaya da wuƙa.

"Kada ka wahalar da kanka, Yallaɓai," in ji saurayin. Muryar ba ta canza ba ko kaɗan, ladabin yana nan yadda yake.

Suka karɓi wayarsa, suka karɓi makullin babur, suka zazzage aljihunsa, suka fizge jakar. Bai yi gardama ba. Sai da ya ga an rataya jakar za a fita, sannan ya durƙusa a gabansu.

"Ku riƙe komai, na yafe muku duniya da lahira. Akwai kaset a cikin jakar nan, shi kaɗai za ku ba ni. Ba zai yi muku amfanin komai ba. Don girman Allah, 'ya'yana."

Mai wuƙar ya tsaya, ya laluba, ya fito da shi yana jujjuyawa.

"Kai, ku ji tsoho. Babur bai dame shi ba, waya ba ta dame shi ba, sai wannan? Akwai abin da ya ɓoye a ciki."

"Murya ce kawai! Muryar matata ce, ta rasu!"

"Za mu gani."

Ya yar da shi ƙasa ya taka. Ƙarar fashewar robar ba ta da yawa, amma Mai Lasifika ya ce har ya mutu ba zai daina jin ta ba. Mutumin ya tsuguna ya tona ɓaraguzan, bai ga komai ba sai naɗin zare. Ya ɗauke shi yana tsaki. Mai Lasifika ya kai hannu, suka hankaɗe shi ya bugu da bango. Kafin ya miƙe sun fice.

Da ya kai bakin get, ya hango su a kan baburinsa su uku. Na bayan ya ɗaga hannu sama yana wasa da naɗin, zaren yana warwarewa a iska, yana ƙyalli a rana, yana tsinkewa.

Mutumin nan da ake girmamawa a layinmu, mai furfura a gemu, ya bi hanyar nan a ƙafa yana tsintar zare. Ya ciro wani daga ƙaya. Ya tsamo wani daga kwatamin da magina ke kwaɓa siminti. Wani kuma, tifa ta riga ta bi ta kansa. Yana tsinta yana cusawa a aljihu, yana kuka a fili ba ya ko sharewa. Ya koma ɗakin ya tattara fasasshen kaset ɗin da ɗan guntun da ya rage a maƙale. A can wani magini ya gan shi, ya ba shi ruwa, ya ara masa waya. Lambar Tela kaɗai ya iya tunawa, don kullum yana ganinta a rubuce a allon shago.

Tela ya zo ya ɗauke shi, bai ce masa "ai na gaya maka" ba. Suka biya ofishin 'yan sanda aka rubuta bayani. Jami'in ya tambayi sunan mai sayarwar, babu. Adireshi, babu. Aka duba shafin, an goge shi. Aka kira lambar, a kashe. Gidan kuma na wani ne da ke wata ƙasa, bai ma san ana shiga ba.

'Yar Baba tana ƙofar gida suka iso. Ta ruga ta kama shi tana dudduba kansa da hannayensa.

"Ba su ji maka ciwo ba? Baba, kalle ni. Alhamdu lillahi, tun da da ranka. Babur ai ana sayen wani."

Ya kasa ɗaga ido. Ya sa hannu a aljihu ya fito da dunƙulen zare, da laka da ƙaya a jiki. Ta dube shi ba ta gane ba. Sai ta waiga ta ga Gwaggo a tsaye da ɗankwali a hannu, hawaye na zuba. Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ta zauna a dakalin ƙofa, ta ɗora kai a gwiwa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Kwanakin da suka rage kafin tafiyarta, shagon Mai Lasifika a rufe yake daga ciki. Ya wanke guntayen zaren ɗaya bayan ɗaya da auduga, ya shanya su, ya miƙar da waɗanda suka yamutse, ya haɗa baki da baki da salatif. Aikin da ya iya ne, kuma bai taɓa yin sa da kulawa irin ta wannan karo ba. Amma yana yi yana gani da idonsa: rana ta lalata wasu, siminti ya cinye wasu, wasu ruwan ƙasan da ke ɗauke da sautin ya kankare har ana hango haske ta ciki. Mafi yawan zaren ma bai dawo ba. Ya naɗa abin da ya samu a cikin wani kaset.

Ana gobe tafiya, da yamma, Tela ya shigo gidan da ɗan rediyonsa, ya ajiye a tabarma ya koma gefe. Gwaggo ta zauna, 'Yar Baba ta zauna. Mai Lasifika ya sa kaset ɗin ya danna.

Murya ta fito garau, ta wani matashi mai ji da kansa. "Gwaji, gwaji. Ana ji na? To, wannan makirufo da kuke ji, babu irinsa a garin nan. Ku saurari yadda yake ɗaukar murya." Mai Lasifika ne da kansa. Farkon kaset ɗin ke nan, wurin da kullum suke turawa gaba don su kai ga matar, har sun manta yana nan. Guntun da ya rage a ɗakin ke nan, shi kaɗai ne bai taɓa ƙasa ba. Bayansa sai shuuu, sai wani gurnani, sai ƙarar cokali guda. Sai aka ji an ja numfashi, irin na mai shirin magana. Daga nan babu komai har zaren ya ƙare.

Can Mai Lasifika ya ce, "Ki yafe mini."

"Na yafe, Baba," ta ce. "Don ni ka je." Ta tashi ta shiga ɗaki ta ci gaba da haɗa kaya.

Da safe suka raka ta tasha. Ta yi masa faɗan shan magani, ta ce wa Gwaggo ta rage masa gishiri, ta shiga mota. Mai Lasifika ya koma sana'arsa da baburin aro. Yana kafa lasifika, yana daidaita muryoyin mutane, amma ya daina tsayawa bakin taron wasu yana gyara musu. Tela ya yi ta jan sa da tsokana, ba ya ramawa.

Bayan 'yan makonni, yana shago da rana, 'Yar Baba ta kira shi. Suka gaisa, ta ba shi labarin aiki da ɗakin da ta kama.

"Baba, in tambaye ka wani abu?"

"Ina jin ki."

"Jiya wata jaririya tana ta kuka a ɗakinmu, uwar ba ta da lafiya. Na ɗauke ta, na ce bari in rarrashe ta yadda Umma take yi. Kalmomin suna nan, na haddace su. Amma da na nemi muryar a kaina, ta Gwaggo ce ta zo. Na yi, na yi, ta Umma ta ƙi zuwa." Ta ja hanci. "Baba, siririya ce ko mai kauri?"

Mai Lasifika ya buɗe baki. Shi yana jin muryar a kansa tas, da dariyar, da inda take ɗan shaƙewa in ta ce "Malam". Ya san sunan kowane irin sauti, ya san yadda ake kai murya ƙarshen fili. Amma bai san hanyar da zai ciro wannan daga kansa ya sa a na 'yarsa ba.

"Tana da daɗi," ya ce. "Tana da daɗi ƙwarai."

Suka riƙe waya suna kuka, shi a nan, ita a can.

Darasin da ke cikin wannan labari a bayyane yake. In za ka sayi kayan sauti na hannu, ko wani kaya, a wurin wanda ba ka sani ba a intanet, kada daɗin bakinsa ko ƙwarewarka su rufe maka ido. Macuci yana koyon yaren sana'arka, kuma ta wurin da kake alfahari yake shigo maka. Ka duba tarihin shafinsa, ka nemi shaidar kayan suna hannunsa, ka yi tsoron araha mai yawa da mai cewa ka yi sauri. Ku haɗu a cikin jama'a, inda za a iya jona na'ura a gwada a idon mutane. In ya ƙi, ka haƙura da kayan. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka fita ba ka faɗi inda za ka ba, kuma kada ka ɗauki abin da ba ka da na biyunsa zuwa wurin baƙo. Abin da yake da daraja a wurin iyalinka, ka yi masa kwafi yau da abin da ke hannunka, ko da bai fito yadda kake so ba. Shawarar na kusa da kai kuma ka saurare ta, ko da kana ganin ka fi su sani, domin kuskuren mutum ɗaya ba shi kaɗai yake biyansa ba.